Yawun Ilu Gadamus

Baba, bencin ƙofar shagon Tanimu tela yana nan yadda ka bar shi. Gefen da kake zama ne kawai har yanzu ba mai son hawa. Tun da muka raka ka makwanci damina ta zo ta wuce, dalbejiyar nan ta zubar da ganye ta sake wani. Kai ne kullum kake cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, wata rana Ilu Gadamus zai kai ƙarshen nasa. To, ya kai, ba ka nan. Bari in ba ka yadda aka yi.

Ilu dai mai turare ne a bakin lungunmu. In ka dube shi, Bakano ne tun daga hula har silifas. In ya buɗe baki kuwa, sai ka rantse jiya ya sauko daga kan raƙumi. Wai kakan kakansa Balarabe ne daga birnin Gadamus na ƙasar Libya, ya zo Kano da ayari. Raƙuman ayarin nan, in ji Ilu, na farko ya shigo Ƙofar Mazugal na ƙarshe bai baro Agadas ba. Ba ya cin tuwon dawa a gaban mutane, wai cikinsu bai gaji abin ba. Ka ba shi canji ya ce "shukran", akuya ta shiga shago ya ce mata "yalla". Allon shagon ma da manyan baƙaƙe: Gidan Turaren Gadamus.

Babban makaminsa shi ne tafiyar da ya yi shekarar da ya auri matarsa Uwani. Ya ɓace wajen shekara guda, ya dawo ya ce daga garin Sabha yake, can Libya, wurin dangi. Labarin Sabha ɗin nan majalisa ta sha shi har ya gundure ta.

Ran nan bayan la'asar ya ɗauko shi kuma. Tanimu tela ya tsayar da keken ɗinki, ƙir.

"Ilu, ka ji awon da Turawa suka fito da shi? Gwajin DNA. Ka tofa yawu a kwalba ka aika, su gaya maka inda kakanninka suka fito."

"Na ji mana. Ai Larabawa ne suka fara shi."

"To ka yi. In ya nuna Balarabe, ni zan ɗinka maka jallabiya da yadina, in kira ka Sidi har in mutu. In bai nuna ba, ka sauke allon nan, ka koma Ilu Maiturare kamar kowa."

Ilu ya daki ƙirji, dam!

"Fara yanka yadin. Fari nake so."

Ƙanin Uwani, Nafi'u, yana aikin jinya a Ingila. Shi ya aiko da 'yar kwalbar ta hannun wani matafiyi. Ilu ya kulle ɗaki, ya tofa, ya aika. Bayan 'yan makonni sakamako ya shigo waya. Turanci dai Ilu ba ya ja, amma ai taswira ba ta buƙatar boko. Najeriya ta yi shar da kore. Ɗan ɗigo a Kamaru, ɗan ɗigo a Mali. Libya kuwa fara fat, ko ƙuda bai sauka ba.

Ya kira Nafi'u.

"Kai, waɗannan mutanen naka 'yan damfara ne."

"Yaya, abin da ke jininka suka gani."

"Tsaya tukuna. Ranar da na tofa, na ci goro."

"Goro ba ya shiga wannan lissafin, Yaya."

"Goro daga ina yake zuwa? Ba daga kurmi ba? Goron suka auna, ba ni ba! Nemo mini wani kamfanin. Kuma in yayarka ta ji wannan magana, ban yafe ba."

Kafin kwalba ta biyu ta iso, Ilu ya shiga gyaran yawu. Ya ajiye goro. Ya ajiye koko da ƙosai. Safe dabino, rana gurasa da man zaitun, yamma alkaki. Ya sa aka nemo masa nonon raƙumi, ya kafa kai ya shanye kwano guda. Wanda ya san nonon raƙumi ya san abin da ya biyo baya. Ciki ya ce ƙulululu! Ilu da buta suka zama Hassan da Husaini. Ya rame, wuya ya yi tsawo, ido ya faɗa.

Uwani ta dube shi ta riƙe haɓa.

"Malam, wannan azumin na wace ƙasa ne?"

"Ba za ki gane ba. Jinin gida nake tasowa."

"Ni dai abin da na ga yana tasowa daban ne."

Ya tofa na biyu, yawu har ƙamshin dabino yake. Sakamako ya dawo. Wannan kamfanin ma ya fi na farko rashin kunya. Ɗan ɗigon Malin da wancan ya tausaya ya ba shi, wannan ya ƙwace abinsa. Najeriya ce sama da ƙasa, kore shar kamar tutar ƙasa.

Kullum kuma in ya zo wucewa sai Tanimu ya ɗago kai daga keke.

"Balarabe, yawu ya dawo?"

"Yana hanya. 'Yan kwastan ne suka riƙe shi."

"Allah sarki. Yawun ma sai an biya masa haraji."

Ilu ya ga allon shagonsa yana lilo a idonsa. Ya zauna ya yi ta saƙa da warwara, har dabara ta faɗo masa.

Akwai wani dattijo mai sayar da dabino a gefen masallacin Juma'a, Sidi Mukhtar. Shi kam Balaraben hamada ne na gaske, ya daɗe a Kano har Hausa ta zauna a bakinsa. Mutum ne mai sanyin hali, ba ruwansa da kowa. Saboda tsufansa da yawan tasbihinsa, mutane kan kawo masa ruwa a kofi ya yi musu tofi, na ciwon kai, na kukan jariri. Ilu ya sa Nafi'u ya aiko da kwalba ta uku daga wani kamfanin dabam. Ya sa ta a aljihu, ya dafe ƙugu, ya nufi Sidi yana ɗingishi.

"Wash! Sidi, bayana. Kamar ana sara da gatari."

"Sannu, Ilu. Allah ya sawwaƙe. Kawo ruwa in tofa maka."

"A'a, Sidi, wannan ciwon ya wuce na gauraye. Zallarsa nake so. Ga kwalba."

Sidi ya jujjuya 'yar kwalbar, ya yi addu'arsa, ya ce tuf, tuf, tuf. Ya miƙo.

Ilu ya ɗaga ta sama ya duba. Ko gindinta bai jiƙe ba.

"Sidi, ka ga wannan zanen? Sai ya kai nan."

"Ilu, tofi kake so ko wanka?"

"Ciwon ne babba, Sidi."

Tsoho ya yi ta fama, baki ya bushe ƙamas. Sai Ilu ya zaro lemon tsami daga aljihu, ya yanka a gabansa, ya matsa a nasa harshen yana yamutsa fuska. Nan da nan bakin Sidi ya kawo ruwa. Kwalba ta cika har zane. Ilu ya toshe, ya yi godiya, ya tafi. Ɗingishin ma a nan ya manta shi.

Ranar da sakamako na uku ya shigo, ihun Ilu sai da ya tashi tattabarun maƙwabta. Libya ta rine. Aljeriya ta rine. Launi har ya malala Masar. Ana haka Nafi'u ya kira.

"Yaya, ka ga sakamakon? Tsaya, akwai wani abu a can ƙasa da ya kamata..."

Ƙit! Ilu ya kashe.

"Hassada ga mai rabo taki ce," in ji shi. Nafi'u ya yi ta kira, ya ƙi ɗauka.

Ya kai wa Tanimu taswira har kan keke. Tanimu ya duba, ya goge ido, ya sake dubawa. Alkawari kaya ne. Ya ɗinka jallabiya fara sol, yana yi yana tsaki.

Da Ilu ya tsaya a nan, da ya sha. Amma ina! Sai ya ce walima zai yi, a karanta sakamakon a gaban duniya. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ranar Asabar da hantsi. Aka ɗauko hayar lasifika. Uwani da matan lungu suna cikin zaure suna tuƙa abinci, labule a tsakani. Har Sidi Mukhtar aka gayyato, aka ba shi kujera a gaba, wai ɗan'uwa na jini. Ilu ya fito cikin jallabiya, ya yi rawani, turare kamar an fasa shagon. Ya miƙa waya da makirfo ga Malam Sabo Ticha, tsohon malamin Turancin firamarenmu.

"Ticha, karanta ka fassara. Da ƙarfi, saboda masu ciwon kunne." Ya harari Tanimu.

Ticha ya gyara tabarau.

"Arewacin Afirka, kashi tamanin da bakwai cikin ɗari."

Wuri ya ɗauki kabbara. Mata suka rangaɗa guɗa daga zaure. Ilu ya ɗaga hannu yana "shukran, shukran".

"Ci gaba, Ticha. Kar ka bar ko ɗigo."

"To, akwai wani wuri a ƙasa. Na dangi. Wai in wani danginka ya taɓa yin gwajin a kamfanin, sai su haɗa ku."

"Ka ji ko! Mutanen Gadamus ne. Karanto su!"

Ticha ya ƙura wa wayar ido. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Mutum ɗaya ne. Sun ce ɗa ne."

"Ɗan wa?"

"Ɗanka. Na cikinka. Sunansa Yasin, yana ƙasar Faransa. Ya ma aiko da saƙo."

Guɗa ta tsinke a tsakiya. Ticha kuwa, da yake an ce kar ya bar ko ɗigo, sai ya ci gaba, lasifika tana kai wa har bakin titi.

"Ya ce, Baba, a Sabha aka haife ni, shekara talatin ke nan. Mahaifiyata ta rasu. Ta ce ka tafi kudu fatauci ina goye, ba ka dawo ba. Ba na neman komai a wurinka. Muryarka kawai nake so in ji."

Baba, a nan ni ban yi dariya ba. Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Wannan ban gaya wa kowa ba tukuna, sai kai.

Labulen zaure ya yi sama, fau! Sai ga Uwani, mayafi a kafaɗa, muciya a hannu, tuwo na ɗiga.

"Ticha, a ina aka ce an haife shi?"

"Sabha, Hajiya."

"Shekara nawa?"

"Talatin."

Ta juyo a hankali.

"Malam. Shekarar da ka bar ni amarya, lalle bai goge a ƙafata ba, ka ce ka tafi gaida dangi. Ashe dangin ƙirƙiro su ka je yi."

"Uwani, tsaya ki ji..."

"Ina can ina kuka ina maka addu'ar hanya, kai kana can kana raɗin suna!"

Ilu ya dubi allon shagonsa can bakin lungu. Ya dubi muciya. Allo yana nesa, muciya tana kusa. Gumi ya karyo masa ta ƙarƙashin rawani. Ya fizge makirfo daga hannun Ticha.

"Wallahi tallahi ba ɗana ba ne! Ban taɓa zuwa Sabha ba! Ban san hanyarta ba! A Funtuwa na yi shekarar nan, ina dakon auduga!"

Lasifika ta ce wiiii.

"To yawun fa?" in ji Uwani.

"Ba nawa ba ne! Na Sidi ne! Tofi na ce ya yi mini! Nawa sau biyu ina aikawa, Najeriya suke dawo mini da ita!"

Tanimu ya faɗo daga benci, tim! Yana birgima yana riƙe ciki.

"Jama'a, mun ga aron riga, mun ga aron tabarma ranar suna. Aron yawu kam sai a kanka, Ilu! Tuɓe mini jallabiyata!"

Nan ya tuɓe ta a gaban kowa, ya tsaya daga shi sai singileti da rawani. Wasu samari har sun tafi neman tsani don sauke allo.

Shi kuwa Sidi Mukhtar bai ji dariyar da ake yi ba. Ya miƙe, ya dogara sandarsa, ya nufi Ticha.

"Yasin ka ce? A Sabha?" Hawaye ya bi gemunsa. "Ce mini aka yi uwar da ɗan duk sun rasu. Nuna mini shi."

Ticha ya buɗe hoton. Tsoho ya karɓi wayar da hannu biyu kamar an miƙo masa jariri. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo wurin Ilu, ya kama hannunsa ya riƙe gam, da zuciya ɗaya.

"Ilu, Allah ya yi maka albarka. Ka dawo mini da ɗana. Af, ban ma tambaye ka ba. Ya bayan naka? Ya daina ciwon?"

Uwani ta gyara riƙon muciya.

"Bari baƙi su watse, Sidi. Yanzu zai fara."