Keken Uwar Shiuli da Attajirin da Ba Ya Tayi

Jama'a, ku taya ni murna. Makon jiya na wayi gari attajiri, kuma na riƙe muƙamin har tsakiyar mako kafin a sauke ni.

Kun tuna lokacin da Mai Girma Uban Alkawura ya zo kasuwar kifi ta nan Chandpur, hankici a hanci, ya rantse cewa kafin damina ta zagayo kowane mai tallan kifin ilish zai riƙa sayar wa Turawa kifi ta intanet? To, duk garin nan ni Mokbul mai gyaran fanka ne kaɗai na yarda da shi. Na je na sayi sunan shafi, wato adireshin nan da ake bugawa a shiga shafin mutum, mai ɗauke da sunan kifinmu da na garinmu. Na ce in arziki ya taso, ta ƙofata zai bi. Damina ta zo ta wuce, ta sake dawowa, Mai Girma ya ƙara girma ya koma babban birni, ni kuwa duk shekara ina biyan kuɗin sabunta suna. Shafin ma ban taɓa ginawa ba.

Ina tsaye a layin gas ɗin girki, wanda aka ce mana babu ƙarancinsa, sai ga saƙo a wayata. Wani Mista Harland ne daga ƙasar waje. Ya kira ni "mai daraja", ya ce yana son sayen sunan shafin nan, ya faɗi farashin da sai da na cire tabarau na goge na mayar. Sharaɗinsa ɗaya ne: in samo takardar ƙimanta sunan daga wani kamfani da ya ambata, kuma ni zan biya kuɗinta tukuna.

Na bar layin na nufi shagon shayin maƙwabcina Anisur.

"Kai, ku tashi ku ba Mokbul bhai kujera mai baya!" in ji shi da ya gama karanta saƙon (bhai a wurinmu yaya ke nan). "A ƙara masa madara!"

"Amma sun ce in fara biya fa."

"To me? Wace takarda ka taɓa samu a ƙasar nan ba ka fara biya ba? Ko ta haihuwarka ai sai da babanka ya biya. Biya kawai, bhai."

Wallahi maganarsa ta shige ni. Abin da ya rage shi ne kuɗin, kuma abu ɗaya ne a gidanmu da mai karɓar jingina zai kalla sau biyu: keken ɗinkin matata Rokeya. Keken nan shi ke ciyar da mu duk ranar da aka ɗauke wuta, wato kullum, don ba mai kawo gyaran fanka cikin duhu.

"Uwar Shiuli," na ce cikin muryar da nake ajiyewa don irin wannan rana, "keken nan ɗan hutu kawai zai je ya dawo."

Ko ɗaga ƙafa ba ta yi daga kan keken ba. "Ya yi tayi?"

"Wane irin tayi?"

"Ya kushe kayan? Ya ce ya ga mai araha a gaba? Ya juya kamar zai tafi?"

"Su can ba haka suke ciniki ba."

"Uban Shiuli, ko albasa ba a saya haka. Je ka ofishin nan da suka buɗe da kiɗa, ka tambaya. In sun ce gaskiya ne, zo ka ɗauka, ni kuma in tattara in tafi gidanmu."

Haka na isa Ofishin Haɗa Talaka da Duniya. Kwamfutarsu na nan lafiya lau, an lulluɓe ta da zane mai ado, an ɗora mata tulun furanni. Masinja ya ce shugaban ofishin, Mai Girma Mai Riƙon Kujera, yana taro. Daga inda nake zaune ina jin ƙamshin taron, soyayyen ilish ne da man mustad. Allah ya ƙara wa manyanmu ƙarfin aiki.

Da aka tashi daga taron, na shiga na miƙa masa waya da hannu biyu. Ya karanta, ya tsuke baki.

"Takarda ɗaya tak ya nema?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe."

"Ba hoto? Ba shaidar shugaban unguwa? Bai ce ka dawo gobe ba?"

"A'a, ranka ya daɗe."

Ya girgiza kai, irin ta tsohon tela da ya ga ɗinkin ɗan koyo. "Sabon shiga ne. Ba ka gani ba? Kamfanin nasa ne. Shi ya ce sai da takarda, kuma shi ke sayar da takardar. Kana biya, ba mai saye, ba labari. Wannan ai mu tun…" Sai tari ya sarƙe shi. "Wato, haka na karanta a wani wuri."

Ya ce in gwada Mista Harland. In rubuta masa ya cire kuɗin takardar daga abin da zai biya ni, ko kuwa ya ajiye kuɗin a hannun amintaccen mai shiga tsakani, sai kuɗin sun shiga hannunsa in miƙa sunan. Na rubuta. Nan take amsa ta dawo: ba lokaci, wani mai sunan shafi irin nawa yana jira, in biya yau yau.

"Ka ji ko? Gaggawa!" in ji Mai Girma, yana sakace haƙori. "Mai gaskiya ba ya gaggawa. Dube mu nan."

Na sake rubutawa. Shiru, har yanzu da nake ba ku labari.

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, sai da ƙwalla ta cika mini ido. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa shiga ofis na fito da abin da na je nema ba. Daɗi ya kwashe ni, baki ya suɓuce.

"Ranka ya daɗe, Allah ya saka! Ka ceci keken ɗinkin matata!"

Tsinken ya tsaya cak a bakinsa. "Au, bhabi, matar ɗan'uwana, tana ɗinki?"

Idonsa ya bi tagogin ofishin ɗaya bayan ɗaya. Duk tsirara suke. Ya ce kuɗin labule sun ƙare a bikin buɗe ofis. Ya ce kada in ɗauka don taimakon da ya yi mini ne, aikin hukuma kyauta ne. Sannan ya tuna akwai tagogi a bene ma, har da na gidan surukarsa.

Yanzu haka da nake wannan rubutu, keke yana nan, ba wanda ya kai shi jingina. Ƙararsa ma ta hana ni tunani, don labulen ofis ake ɗinkawa, da yadin da na sayo. Rokeya ta mayar da masu ɗinkin biki, kuma in tana son magana da ni sai ta aiko 'yarmu Shiuli. Anisur ya mayar da ni benci, madara kuma ta koma yadda take.

Mista Harland, in kana karantawa, ban riƙe ka a rai ba, ko ba komai ka kira ni mai daraja. Amma aikinka da saura. Ka zo garinmu a koya maka. Ka taho da hoto biyu, kuma ka shirya dawowa gobe.