Rasuwar Amfilifayata a Hannun Ƙanin Matata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da suka wayi gari marayu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amfilifayar motata, na'urar da ke ƙara wa kiɗa ƙarfi. Ta cika ranar Talata da safe a ƙarƙashin kujerar direba, inda ta shekara shida tana zaune.

Marigayiya ba ta da ƙorafi. Ta sha zafi, ta sha ramuka, amma duk sanda aka murɗa makulli sai ta amsa da "dum, dum". Babban alherinta gare ni shi ne wannan: kullum nakan rage wa ƙanin matata hanya zuwa wurin aiki, tafiyar minti arba'in, kuma albarkacinta ban taɓa jin ƙarshen labarinsa ko ɗaya ba. Bakinsa kawai nake gani yana motsi, ina gyaɗa kai.

Ciwon ajali ya fara da wani kuka, "wiiii", mai ƙaruwa in na taka totur. Daga nan jar fitilarta ta riƙa kamawa. Fis ya ƙone, na sa sabo, shi ma ya bi ɗan uwansa. Na ce zan kai ta wurin mai rewaya. Sai ƙanin matar nan tawa, wanda ya laƙaba wa kansa Injiniya don ya taɓa canja ƙwan fitilar banɗaki, ya ce fis ɗin zamani ne ba su da ƙwari. Ina cikin gida ina neman takalmi, ya cusa guntun ƙusa a gurbin fis. Da na shiga na tayar da mota, marigayiya ta yi waƙa ta minti biyu, ta ce "fuf", hayaƙi ya taso ta tsakanin ƙafafuna.

Mai rewaya ya duba gawa. Wayar sifika ce ta kwaile tana taɓa ƙarfen mota, wayar as, wadda ake ɗaurewa a jikin mota, kuma ta yi sako-sako. Aikin minti biyar! Ashe fis ɗin da aka zaga shi kaɗai ne mai hankali a motar nan, don ƙonewarsa ce ke kare marigayiya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma Injiniya ko kai bai sunkuyar ba, wai dama kwananta ne ya ƙare. Matata ta ce in yi haƙuri, yaro ne. Yaron da furfura ta fara cin gemunsa.

Ta rasu ta bar sifiku huɗu, da babbar sifikar nan ta cikin but wadda ba ta sake cewa uffan ba, sai ni da raina ke tafasa.

Gobe da ƙarfe bakwai za a ɗauki gawa daga ƙofar gida zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ba a bukatar rakiya. Injiniya ya riga ya kama kujerar gaba, ya kuma yi alkawarin yi mini bayanin yadda wutar mota ke aiki, tun daga batir. Masu ta'aziyya, ita kam ta huta. Ku yi wa mai rai addu'a.