Yaƙin Jatau da Rundunar Tsatsa

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe wannan tarihi. Amma ba'adu, wannan ƙissar Jatau ce ɗan Nomau, jikan Barmo Mai-Hayaƙi, tattaɓa-kunnen Gagare wanda ya harbe zaki da rana tsaka, ko da yake waɗansu masana sun tafi a kan cewa jakin maƙwabcinsa ne. Jatau Sarkin Bindigar Kurmin Gwauro, aradun rani, mai hana kaji ƙwai, magajin bindigar toka mai suna Gigita-Dawa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ma ta mayar da martani ta bakin.

A shekarar da Dagaci ya sauke farali, sai bushara ta iso cewa ranar Juma'a zai dawo gida. Al'adar garin kuwa tun kaka da kakanni, in Dagaci ya sa ƙafa a ƙofar gari Sarkin Bindiga ke fara harbi, in kuma bindigarsa ta yi shiru, jar hular sarauta ta koma kan wanda tasa ta yi magana. Ga kuma Mantau, wani matashin maharbi mai faɗin kafaɗa da sabuwar bindiga daga maƙera, ya daɗe yana gaishe da Jatau idonsa na kan hular.

Jatau ya sauko da Gigita-Dawa daga inda ya rataye ta tun Sallar bara, ba wanki ba shafa. Shi kuwa dattin albarushi janyo laima yake yi kamar gishiri, ga damina ta zo ta wuce. Da ya leƙa bakinta, sai ya tarar la'ananniya Tsatsa, maƙiyiyar ƙarfe, ta kafa sansani da jajayen dakarunta tun daga baki har kafar wuta, kunama ta ƙage, ba gaba ba baya. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, domin in ban da bindigar da hular nan ba abin da ya gada.

"Ladingo, ɗora ruwa," in ji shi ga matarsa. "Yau ko ni ko ita."

"To, Maigida. Amma tukunyar tuwo ce, a dawo mini da ita kafin la'asar."

Da hantsi aka gwabza. Sadaukin ya naɗe hannun riga, ya kwarara tafasasshen ruwa da sabulu a cikin maƙogwaron bindiga, baƙin ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya yi ta ambaliya har agwagin gida suka yi hijira zuwa maƙwabta. Ya naɗa tsumma a sandar ɗuri ya kai farmaki, ya ja da baya, ya sake kaiwa, tsummoki suna shahada ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ga tsohon zanen Ladingo, wanda ya shiga fagen fama ba da iznin mai shi ba. Ta waje kuma toka da lemun tsami suka yi wa abokan gaba ƙawanya. Kafin azahar Tsatsa ta watse, aka shanya Gigita-Dawa a rana tana walƙiya, aka mayar da tukunya.

To, a nan ne nasara ta bugar da shi. Magabata ɗan mai kaɗan suke ɗigawa a tsumma su shafe cikin bindiga, ranar harbi kuma su goge shi tas kafin ɗuri. Jatau ya ga wannan rowa ce, bai dace da mai fatahi irinsa ba. Ya rantse Tsatsa ba za ta sake ganin cikin nan ba har tashin ƙiyama, ya cika ludayi da man gyaɗa ya ɗura mata, ya jingine ta baki sama. Ranar Juma'a ya zuba albarushi a kai, ya danna, hankalinsa kwance.

Gari ya taru a ƙofa. Mota ta tsaya, Dagaci ya sauko da farin rawani. Mata suka toshe kunnuwan 'ya'yansu. Jatau ya gyara tsayuwa, ya ɗaga bindiga sama, ya yi kirari da muryar da ta kai bakin rafi: "Sai ni ɗan Nomau, mai tsawa ba hadari!" Ya ja kunama.

Gigita-Dawa ta ce fus. Wani ɗan hayaƙi mai ƙamshin suyar ƙosai ya fito a kasalance, mai ya biyo hannun Jatau har gwiwa. Akuyar da ke kwance kusa da shi ba ta ko daina tuƙa ba. Can sai bindigar Mantau ta tashi, ƙasa ta girgiza, aka yi guɗa.

Jatau ya cire hula da hannunsa mai maiƙo ya miƙa wa Mantau, kunya kamar ta kashe shi. Dagaci, mutum mai tausayi, ya karɓi Gigita-Dawa ya jujjuya ta a rana.

"Kai, ban taɓa ganin bindiga mai tsabta haka ba. Jatau, ba za ka koma gida ba sarauta ba. Daga yau kai ne Sarkin Wankin Bindiga, duk wanda ya yi harbi ya kai maka."

"Godiya nake, ranka ya daɗe," in ji Jatau, don ba a mayar wa Dagaci kyauta.

Bindigar Mantau ce ta fara isowa ƙofar gidansa, tun ba ta huce ba.