Yadda Za Ka Shimfiɗa Wayar Anten a Jirgin Telekomand Ka Burge Surukinka

Idan ka bi matakan nan yadda na tsara su, na yi maka alkawari jirginka zai tashi, kuma za a yi maganarka daga Dakoro har Birnin Lalle. Na gwada su a kan maƙwabcina Isufu, mai gyaran salula a bakin tasha, kuma har yau ana maganarsa.

1. Fara da cika baki

Kada ka taɓa waya tukuna. Je ka gaida surukinka. Isufu ya tarar da nasa, Baba Abarci, yana kukan tsuntsayen jan-baki sun faɗa wa geronsa ana gab da girbi. Nan take Isufu ya ce a sallami masu kaɗa gwangwani a gona, shi yana da ɗan jirgin da ƙanensa ya aiko daga Yamai, zai kori tsuntsayen daga sama. Tsoho ya sallame su. Yanzu ba ja da baya, kuma gwani ba ya buƙatar abin da ya wuce haka.

2. Nemo wayar

Buɗe cikin jirgin. Za ka ga ɗan akwatin da ke karɓar umarni daga telekomand, abin dannawar da ke hannunka, da siririyar waya a jikinsa. Ita ce anten, kunnen jirgin ke nan. Masu ƙera shi sun ce a miƙar da ita, a nisanta ta da mote, wato injin, da batir, a fito da bakinta waje. Waɗannan ba su taɓa zuwa gidan surukai da waya tana reto ba.

3. Gyara mata zama

Naɗe ta a jikin batir, ka ɗaure da sikoc, tef ɗin nan mai manne. Abin da ya yi saura, almakashi. Ramla, matar Isufu, tana koyarwa a lakwal, ta leƙo ta ce: "Malam, an fa ce ba a yanke ta." Ya amsa mata cewa waya sana'arsa ce. Kai ma haka za ka ce.

4. Gwada a tsakar gida

Tsaya dab da jirgin ka danna. Farfela za ta juya. Kada ka ja nesa don ka ga ko yana ji, mutane za su ɗauka kana shakkar aikinka.

5. Tashi

Gayyato unguwa zuwa gona bayan la'asar. Jirgin Isufu ya tashi da kyau, tsuntsaye suka watse, Baba Abarci ya yi ta masha Allah. Da jirgin ya wuce gawon da ke iyakar gonar sai ya daina jin magana. Isufu ya danna dama, ya danna hagu, jirgi ya miƙe arewa abinsa, hanyar Azagor.

"Isufu, ina za shi?" in ji tsoho.

"Sintiri, Baba."

Riƙe wannan kalmar, kuma ka ci gaba da dannawa har a daina hango shi. Tsuntsaye kuwa ba su jira magariba ba suka dawo.

6. Karɓi gwangwani

Masu gadin da aka sallama sun riga sun kama wasu gonaki. Isufu ya rufe shago, ya tare a gonar surukinsa, yana kaɗa gwangwani yana ihu tun asuba har muryarsa ta dishe. Ramla takan kawo masa fura da rana. Ba ta taɓa ambaton almakashi ba, kuma ya ce mini wannan ya fi zafin rana ciwo. Gero ya tsira, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

7. Tarbi jirginka da mutunci

Ranar kasuwa wani makiyayi, Rhissa, ya shigo gari da jirgin ɗaure a bayan raƙumi, yana cigiyar mai shi. Ya ce tsakiyar tumakinsa ya sauka, sun sha gudu amma ba wadda ta karye. Aka kai shi wurin Baba Abarci ana cikin ɗaure dammuna. Tsoho ya jujjuya jirgin, ya dubi rumbunsa, ya dubi surukinsa da ya yi baƙi ya rame, ya ce: "Baɗi ba sai ka zo da jirgi ba, ɗana. Kai kaɗai ma ka isa."

Hattara

Na yi alkawarin tashi da suna, duka biyun sun samu. Saukowa ba ta cikin maganarmu. Jirgin da ya ɓace, tumakin da suka firgita, da damina mai zuwa, duk tsakaninka da surukinka ne. Wanda ya zo ƙofata da ƙorafi, ba na nan, na tafi Tagriss.