Kyaftin Soso da Jirgin da Ya Ƙi Sauka

"Jirgin nan ba shi da direba, Baba, domin muryata kawai yake ji. In na ce tashi, ya tashi. In na ce sauka, har rawar jiki yake."

Haka Kyaftin Soso ya gaya wa surukinsa ranar da sojojin sama suka buɗe wa iyalan ma'aikata fili su zo kallon sabon jirginsu mai saukar ungulu. To, ni da kai, ba na ɓoye maka: kyaftin ɗin nan bokiti ne da soso muƙaminsa. Shekara tara yana wanke jirage, bai taɓa hawa abin da ya wuce tsani ba.

Surukin, tsohon makanikin babbar mota, ya leƙa jirgin. Babu kujera, babu taga, ciki duk tankin mai.

"To, ce masa ya tashi."

Soso ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin ta manya. "Kai! Tashi!"

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Daidai lokacin, wata hafsa da ke cikin ɗakin sarrafawa can gefe ta danna maɓalli. Farfela ta juya, ƙura ta tashi, jirgi ya yi sama. Soso ya fi kowa firgita, amma ya dake.

"Ka gani, Baba? Tarbiyya."

"Na gani. Ce masa ya sauko."

"Sauko!"

Jirgi ya ƙara sama.

"Iska ce ta kwashe maganar." Ya hau kan bokitinsa. "Sauko, na ce!" Gindin bokiti ya ɓurme, ƙafa ta shige. Ya yi fito, ya kaɗa tsumma, ya koma lallashi: "Haba ɗan albarka, a gaban surukina?"

Abin da ba wanda ya gaya wa Soso, gwajin juriya ake yi: awa talatin a sama, ba sauka.

Tsoho ya nemi benci ya zauna. Da yamma ya ce, "Gobe ma rana ce." Washegari ya dawo da buta da 'yar tabarmarsa, har da maƙwabta biyu. Soso kuwa murya ta dishe, sai nuni da hannu kamar mai korar kaji.

Bayan la'asar jirgi ya sauko salin-alin. Hafsar ta fito tana miƙa. Ta dubi Soso.

"Kai ne kake ta ihu tun jiya? Kyamarar jirgin tana gani daga nisan kilomita ashirin. Mun ɗauka kudan zuma ne suka tare ka, har mun kusa turo motar asibiti."

Tsoho ya naɗe tabarma a hankali. Ya shafa jikin jirgin, ya girgiza kai, ya ce da jirgin:

"Ban ga laifinka ba, bawan Allah. Da 'yata tana da farfela, ita ma da ba ta sauko ba."