Yadda Ake Yaji Daga Ƙungiyar Kiɗa Har A Zo Biko

Ɗan'uwa makaɗi, idan ƙungiyarku ta mayar da kai kujerar ɗakin gwaji, ana zama a kanka ba a ce maka sannu, to ka zo inda za a share maka hawaye. Ni Tsuneo Hirabayashi, mai gangunan ƙungiyar Hasumiyar Toka ta nan Okayama, sau biyar na yi yaji cikin shekara ashirin da biyar. Bi matakan nan yadda na jero su, na ba ka tabbaci shugabanku zai zo har ƙofar gidanka da kwalin alewa a hannu, yana sunkuyar da kai.

Mataki na 1: Zaɓi ƙungiyar da ta saba da ban kwana

Mu huɗu muka kafa tamu a 1999, a bayan shagon awarar mahaifina: ni, da shugabanmu Kuroiwa mai fiyano wanda ke rubuta waƙoƙin, da mai jita, da mawaƙiya. Kiɗanmu irin wanda ake kira metal ne, mai tsawa, a ɗora masa goge da sarewa da muryar opera, waƙa guda ta ci minti goma sha tara.

Daga lokacin zuwa yau mutum ashirin da uku suka shiga suka fita. Mawaƙiyar farko ta auri likitan haƙori a Kobe. Ta biyu ta ce Kuroiwa yana rubuta mata muryar da sai karnuka ke ji. Mai jita na uku ya koma gonar shinkafar kakansa, ya aiko mana da takarda cewa sai yanzu ya san daɗin shiru. Masu goge kuwa, mun daina tambayar sunansu sai sun shekara. Ni da Kuroiwa kaɗai muka rage cikin 'yan farko. A gidan da kowa baƙo ne, wanda ya san inda tsintsiya take shi ne maigida.

Mataki na 2: Riƙe abu a ka, kada ka rubuta

Waƙoƙin Kuroiwa ba sa tafiya a miƙe. Bugu yakan sauya sau goma sha huɗu a waƙa ɗaya: nan bakwai, nan goma sha ɗaya, can biyar don mugunta kawai. Ni kaɗai na haddace su. Duk sanda ya ce in rubuta, sai in dafa ƙirji in ce, "Kuroiwa, wannan abu a jini yake, takarda ba ta ɗaukarsa."

Mataki na 3: Nemi dalili ƙarami

Babban dalili na mai tafiya da gaske ne. Kai ƙaramin kake so, wanda za a iya gyarawa da ban haƙuri. Yajina na farko saboda hoton bangon faifanmu ne, inda gashin mawaƙiya ya rufe mini rabin fuska. Na biyu saboda baƙar alkyabbar da aka ɗinka mana, tawa ta fi ta kowa gajarta. Na uku, Kuroiwa ya rage wurin da nake buga ganguna ni kaɗai daga minti shida zuwa huɗu. Na huɗu na manta dalilinsa, amma na san ina da gaskiya.

Mataki na 4: Fita saura sati uku a yi wasa, kuma kada ka yi nisa

Mai yajin da ya ɓuya inda ba a sani ba, ya sallami kansa ne. Ni shago nake komawa, tunda yanzu ni ke riƙe da shi. A rana ta tara Kuroiwa kan ɓullo da kwalin alewarsa.

"Awara biyu," in ji shi.

"Mai laushi ko mai tauri?"

"Tsuneo, saura kwana goma sha biyu."

"Mai laushi ko mai tauri, mai saye? Akwai mutane a bayanka."

Babu kowa a bayansa. Ka ƙi a zuwan farko. Ka ƙi a na biyu, amma ka karɓi alewar. A na uku ka dubi sama, ka yi dogon numfashi, ka ce don masu sauraro kawai za ka dawo.

Mataki na 5: Kada ka saurari matarka

Mata ba su fahimci fasaha ba. Bara, ana shirin babban wasan cikarmu shekara ashirin da biyar a Osaka, na ga an buga sunana a jikin takardar talla daidai girman na sabon mai goge. Na dawo gida na ajiye sandunana a kan firji. Matata Fumie tana wanke waken suya, ba ta ko ɗago ba.

"Baban Chie, kuma?"

"Kuma."

"Mai roƙo ma yana da gwiwa, ka sani, wata rana za ta yi ciwo. Ka lura da Kuroiwa-san kwanan nan? Idan ana masa magana sai ya juyo da kunnen dama."

"Salon mawaƙa ne," na ce.

Mataki na 6: Jira da mutunci

Rana ta tara na sa sabon gyauton aiki, na share gaban shago sau biyu. Bai zo ba. Rana ta goma sha ɗaya na ce ƙila jirgin ƙasa ne ya sami matsala, ko da yake Kuroiwa da keke yake zuwa. Rana ta goma sha uku sai ga Masumi, mawaƙiyarmu ta bakwai. Na gyara fuska. Ta sayi awara, ta sa a jaka, ta juya.

"Af, Hirabayashi-san, Okubo-sensei ta ce a gaishe ka."

"Wace ce haka?"

"Mai gangunanmu."

Mataki na 7: Je ka ga wanda ya gaje ka, don ka yi dariya

Ranar Asabar da azahar na biya ɗakin gwaji kamar na zo ɗaukar lemata. A kan kujerata na tarar da wata dattijuwa mai shekara sittin da uku, da tabarau a rataye a wuya, da gorar shayin sha'ir a gefe. Shekara talatin da takwas ta yi tana koyar da kiɗa a makarantar sakandare kafin ta yi ritaya, shi ya sa ake ce mata sensei, wato malama. Suka shiga waƙarmu mafi wuya. Na tsaya ina jiran ta faɗi a sauyi na shida, inda ni kaina nakan riƙe numfashi. Ta wuce shi kamar mai tsallake kwata.

Da suka gama ta miƙe ta rusuna mini, ta nuno wasu takardu shafi arba'in.

"Sau uku na saurari faifanku na rubuta. Wuri ɗaya ya gagare ni, a waƙa ta huɗu. Shida ne ko bakwai?"

Na karɓi takardar na yi ta kallo. Gara in faɗa maka, ban taɓa iya karanta rubutun kiɗa ba. Amma na san wurin. Sandata ce ta suɓuce a 2006, aka ɗauka haka a faifai, ni kuma na ci gaba da buga shi haka don kada a gane.

"Kuskure ne," na ce, ban san sanda ya fita ba.

"Na yi zato. Zan bar shi, ya fi daidai ɗin daɗi."

Mataki na 8: Idan biko bai zo ba, kai kanka

Washegari da safe na ɗauki awara huɗu na hau keke zuwa gidan Kuroiwa. Fumie ta cusa mini kwalin alewa a kwando.

Ya zuba mana shayi, ya zauna ta yadda nake ɓangaren damansa.

"Kunnen hagu ya tafi, Tsuneo. Likita ya ce na dama ma a hanya yake. Ranar da ka ajiye sanduna daga asibiti nake. Na ɗauko keken zan zo wurinka, sai na ga ba ni da ƙarfin zuwa sau uku."

"Da sau ɗaya ma ya isa."

"Ƙarya kake."

Ƙarya nake. Ya ci alewa ɗaya.

"Ba zan tayar da Okubo-sensei ba, ta yi aiki," in ji shi. "Amma ba na son hawa dandamalin nan babu kai. Akwai tasa."

Yana nufin ƙatuwar tasar tagullar da muke ratayewa a baya, wadda ake dokawa sau ɗaya tak a ƙarshen waƙar ƙarshe. A da, mai goge ne ke miƙa hannu ya doke ta. Na buɗe baki zan ƙi, tunda tayin farko ne, sai na rufe.

"Ƙarfe nawa ne gwaji?" na ce.

A Osaka na tsaya awa biyu da kwata cikin gajeriyar alkyabbata, riƙe da kulki, ina kallon ƙeyar Okubo-sensei. Chie, 'yata, tana ɗaukata a waya tana dariya. Da lokaci ya yi dattijuwar ta ɗan gyaɗa mini kai, na zuba wa tasar duk abin da ke cikina. Fitila ɗaya ta mutu. Da muka sauko Kuroiwa ya kama kafaɗata.

"Wannan kam har na hagun ya ji ta," in ji shi.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk wanda ya bi ta ya wayi gari an ba wa malamar makaranta kujerarsa, ko aka maye shi da na'ura, ko matarsa ta yi gaskiya a gaban yara. Tabbacin da aka bayar a sama yana aiki ne sau huɗu kacal. Mai ƙorafi ya same ni a shago kafin ƙarfe goma na safe. Ranar Asabar ba na nan, muna da gwaji, kuma Okubo-sensei ba ta son a makara.