Ruwan Jamus a Ɗaurin Auren Gammo

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shayar da Liman da Dagaci ruwan na'ura ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce. Ina koyarwa a wata firamare a Kabo, albashi sai ya ga dama yake zuwa, kuma ina neman auren Hadiza, 'yar Alhaji Garba na Gwarzo. Alhaji tsohon likitan dabbobi ne. Da ya yi ritaya, abokansa suka gina shaguna, shi kuwa ya sayo tsohuwar mota 'yar kwatano mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da kabad. Da ita yake bin rugage da ƙauyuka yana yi wa shanu allura, inda dare ya yi masa nan zai kwana. Wanda bai da hali, kyauta yake duba masa. Har yau ban ga mutum irinsa ba.

Ana tsakiyar marka ya aiko in raka shi ɗaurin aure Gammo. (Na san dalili: so yake ya ƙare mini kallo.) Na ci babbar rigar aro, na shiga mota kaina a sunkuye. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne cikinta a bushe yake ƙayau, alhali a ɗakina har takalma sun yi funfuna. Can gindin gado ga wata farar na'ura tana gurnani, ruwa garai-garai na ɗiga cikin wani mazubi a ƙasanta. Kunyar suruki ta hana ni tambaya. Ni dai na yanke hukunci a raina cewa injin tace ruwan sha ne.

A Gammo babu kiɗa babu makaɗa, sai maza zaune a rumfa ana zufa. Lemon kwalba ya fi ƙarfin mai gida, rijiya kuma ruwan sama ya dama ta ta koma ja. Ana shafa fatiha aka ja Alhaji ya duba wata saniya, ya miƙo mini makullin motar.

Sai na ji Liman yana cewa, "Jama'a, ko da ɗan ruwa mai kyau?"

Na ce a raina, ga ranar nuna kai. Na ruga na zare mazubin nan, na juye a kofuna, na durƙusa gabansu.

"Allah gafarta Malam, ga ruwa. Ranka ya daɗe, bismillah. Na injin ne, tatacce, irin wanda ake sha a Jamus." (Ni da ko Kaduna ban taɓa zuwa ba.)

Dagaci ya shanye nasa tas. Liman ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa, ya kalli sama.

"Malam, Jamusawa kuwa lafiyarsu ƙalau? Ni kamar tsohuwar katifa nake ji."

Ina cikin bayanin cewa ɗanɗanon sinadari ne, sai ga Alhaji. Ya kalli mazubin a hannuna, ya kalli kofunan, ya ce, "Innalillahi! Ɗan nan, me ka ba su?"

"Ruwan injin, Baba."

"Wannan ai danshi yake zuƙa, don kada magungunana su lalace. Laimar motar ce duka a nan: ta katifa, ta safata, ta rigar da na kama maraƙi da ita jiya."

Wani ya fara dariya yana toshe baki da hula, sai ta ɓarke gaba ɗaya. Dagaci ya dafe ciki. Ni kuwa ina durƙushe, na rasa inda zan ajiye idona, a raina ina cewa shi ke nan, Hadiza ta tafi.

Nan na san wane ne Alhaji. Bai daka mini tsawa ba. Ya karɓi ragowar kofin Liman ya kurɓa a gaban kowa, ya yamutse fuska, ya ce, "Laifina ne da ban gaya masa ba. Ba zai kashe kowa ba, amma kada a ƙara. Yaron da ya ji dattijo na ƙishi ya tashi da gudu, ni ya yi mini." Sannan ya kunna murhu ya dafa wa rumfar nan shayi da ruwan jarkarsa.

Liman ya ce, "To, ba haramun muka sha ba, sai dai Allah kada Ya maimaita."

A hanyar komawa ya nuna mini yadda yake rufe tagogi kafin ya kunna na'urar, da yadda yake zubar da ruwan a gindin bishiya. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Bayan sallah babba aka ba ni Hadiza.

Mutanen Gammo dai ba su yi mini wannan karamcin ba, har gobe "Malam Tatacce" suke kirana. Tun ranar, duk abin da ban san daga inda ya fito ba, ni nake fara kurɓa, kuma a ɓoye.